Bitamin D: A Auna Jini Kafin A Sha Babban Awo

Tun shekarar 2020, sa'ad da annobar korona ta game duniya, sunan wani magani ya shiga bakin jama'a, har waɗanda ba su taɓa jinsa ba suka iya faɗinsa, watau bitamin D. Yau wanda ya bi kantunan magani na Sabon Gari, ko na bakin titin Samaru daura da Jami'a, zai tarar da kwalabensa a jere. Wata an rubuta mata 1,000, wata 5,000, wata kuwa har 50,000. Wani dattijo ɗansa ne ya aiko masa daga Ingila ko Amurka, ya ce a riƙa sha domin gwiwa. Wani kuwa abokin zamansa na rumfa ne ya gwada ya yaba. Sai mutum ya ɗauki kwalba ya yi ta haɗiya wata da watanni, bai san abin da lambar jikinta take nufi ba, bai kuma san abin da ke cikin jininsa ba.

Maganar da wannan shafi yake so ya kafa guda ce. Ƙaramin awo na bitamin D ba shi da laifi, yana ma da amfani ga mabukata. Amma babban awo magani ne mai ƙarfi, ba a fara shi sai an auna jini, ba a kuwa zarce da shi sai an sake aunawa. Babu ɗan kasuwa mai hankali da zai ƙara wa mutum bashi bai buɗe littafi ya ga abin da ke kansa ba. To, jiki ma haka yake, littafinsa kuwa jini ne.

Da farko ya kamata a san ko mene ne wannan abu. Galibinsa ba daga abinci yake zuwa ba. Fatar mutum ce take yinsa idan hasken rana ya sauka a kanta. Daga nan jini ya kai shi hanta ta juya shi, sa'an nan ƙoda ta kammala shi. Aikinsa shi ne ya buɗe wa kalsiyam hanya daga hanji zuwa jini. Kalsiyam kuwa shi ne abin da ake gina ƙashi da haƙori da shi, kuma shi ne ke cikin alli da farar ƙasa. Misalinsu kamar gini ne: kalsiyam shi ne tubali, bitamin D shi ne jakin da ke kai tubali wurin magini. In babu jaki, tubali ba zai iso ba. In babu tubali, ko jaki ɗari aka kawo gini ba zai tashi ba. In kuwa jakai suka yi yawa, sai su jibge kaya a kan hanya, su toshe magudana.

Turawa sun san wannan abu ne ta wahala. A zamanin da hayaƙin masana'antu ya rufe biranen Ingila da Jamus, yara da yawa sun tashi da ƙashi mai taushi da ƙafafu a lanƙwashe. A 1919 wani likita na Ingila, Edward Mellanby, ya nuna man hantar kifi yana warkar da wannan ciwo ga karnuka. A 1922 Elmer McCollum na Amurka ya rarrabe abin da ke cikin man, aka sa masa harafin D. Tun daga nan suka riƙe shi, kuma suna da hujja, gama ƙasarsu tana yin watanni ba ta ganin rana mai ƙarfi.

Amma fa Zazzau ba Ingila ba ce. Zariya tana kan digiri 11 arewa da layin da ya raba duniya biyu, rana kuwa ba ta yanke mata shekara duka. Manomi da ɗan dako da mai talla da almajiri, duk suna wuni a cikinta. Fata kuma tana da nata haddi: in ta yi abin da ya isa sai ta tsaya, shi ya sa ba a taɓa jin rana ta sa wa mutum gubar bitamin D ba. To, mai karatu zai ce, in haka ne me ya sa ake ganin yara masu gwame da ƙafar baka a ƙasar nan?

An amsa wannan tambaya a Jos. A 1999 Dokta Tom Thacher na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, tare da Philip Fischer da John Pettifor da sauran abokan aikinsu, suka buga sakamakon binciken da suka yi kan yara 123 masu wannan ciwon ƙashi. Sun kasa su uku. Kashi na farko aka yi musu allurar bitamin D mai awo 600,000 sau biyu, tsakaninsu mako 12. Kashi na biyu aka ba su kalsiyam miligiram 1,000 kullum. Kashi na uku aka haɗa musu duka biyun. Bayan mako 24, cikin waɗanda aka ba bitamin D kaɗai, 19 cikin 100 ne suka warke. Cikin masu kalsiyam, 61 cikin 100. Cikin masu duka biyun, 58 cikin 100. Da aka duba abincin yaran, aka tarar kalsiyam ɗin da suke samu a yini bai wuce kimanin miligiram 200 ba, alhali likitocin duniya sun ce yaron da yake samun ƙasa da 300 yana cikin haɗari. Ashe tubali ne babu. Daga baya masu binciken nan suka gwada garin ƙananan kifi da aka niƙa da ƙayarsu, da garin dutsen farar ƙasa, suka ga suna gyara ƙashin. Sun kuma ga in aka haɗa da bitamin D madaidaici warkewa ta fi sauri. Saboda haka ba a ce a yar da shi ba, an ce dai a san gurbinsa.

Wannan magana ta shafi kowane gida a Samaru da Sabon Gari, domin abincinsu da na Jos ba su da nisa. Tuwon masara da na dawa suna cika ciki, amma kalsiyam ɗinsu kaɗan ne, kuma cikin dusar hatsi akwai abin da ke ɗaure ɗan wanda ake da shi ya hana hanji tsotsewa. Inda yake da yawa shi ne nono da kindirmo da madara, da kuka da zogale, da riɗi, da tamba, da ƙananan kifi da ake ci da ƙaya. Uban da ya ga ƙafar ɗansa ta lanƙwashe ya tafi ya sayo kwalba mai 50,000, alhali ƙwaryar nono ta yi wata ba ta shigo gidansa ba, ya sayi jaki ne ya bar tubali.

Yanzu sai maganar awo. A jikin kwalba akan rubuta lamba, a biyo ta da haruffan boko biyu, IU. Majalisar likitoci ta Amurka da ta zauna kan wannan mas'ala ta fitar da ƙa'ida a 2011, ƙasashe da yawa kuma suna bin kusa da ita. Jariri har ya shekara, 400 a yini. Daga shekara 1 zuwa 70, 600. Wanda ya haura 70, 800. Haddin da ba a so baligi ya ƙetare kullum ba da umurnin likita ba shi ne 4,000. Na yara ya fi haka ƙanƙanta ƙwarai: jariri ƙasa da wata shida 1,000, ɗan shekara 1 zuwa 3 kuwa 2,500. Ita ƙwayar 50,000 an yi ta ne domin wanda aka auna aka tabbatar jininsa ya yi ƙasa, ya sha guda a mako, na mako shida zuwa takwas, sa'an nan ya koma ƙaramin awo. Wanda ya sha ta kullum ya ninka haddi sau goma sha biyu da rabi, a wata guda ya haɗiye 1,500,000.

Akwai kuma ruɗani na ma'auni, wanda 'yan kasuwa za su fi kowa ganewa, gama sun san mudu daban, tiya daban. Wasu kwalabe ba sa rubuta IU, sai mikirogiram. Mikirogiram ɗaya daidai yake da IU 40. Wanda ya ga 125 a jikin kwalba ya ce ai kaɗan ne, to 5,000 ke nan, ya riga ya wuce haddi da ƙwaya guda. Wani kuma yana shan abu uku a lokaci ɗaya, ƙwayar bitamin mai haɗe-haɗe, da ƙwayar ƙashi, da man hantar kifi, kowanne da rabonsa na D a ciki, bai taɓa tara jimla ba.

Me ya sa yawansa yake da illa, alhali sauran bitamin ana sha ba a jin komai? Dalili shi ne wasu, kamar bitamin C, ruwa ke narkar da su, abin da ya yi saura ya fita a fitsari. Shi kuwa D mai ne ke narkar da shi, sai ya kwanta cikin kitsen jiki yana taruwa. In ya yi yawa sai ya janyo kalsiyam daga hanji fiye da kima, har ya kwaso daga ƙashi ya zuba cikin jini. Alamunsa su ne ƙishirwa mai tsanani, da yawan fitsari dare da rana, da tashin zuciya da amai, da taurin bayan gida, da rashin cin abinci, da kasala, har ruɗewar hankali da rikicewar bugun zuciya. In abin ya daɗe sai kalsiyam ya daskare cikin ƙoda, ya zama tsakuwa ko ya lalata ta. Mugun abin shi ne alamun nan duk suna kama da wasu cututtuka. Wani zai ce ciwon sukari ne, wani ya ce shawara, wani ya ce zafin bazara ne kawai. Mai ciwon ma yana iya cewa kasalar nan ai ƙarancin bitamin ce, ya ƙara wata ƙwaya. In aka shiga azumi cikin zafi, jiki ya rasa ruwa, abin ya daɗa tsananta. Ko an daina sha kuwa, jini yana iya yin makonni ko watanni bai sauka ba, domin rumbun da ke cikin kitse bai ƙare ba.

Wannan ba zato ba ne, ya faru a ƙasashen da suka fi kowa likitoci. A Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka yi ta zuba bitamin D cikin madarar jarirai da garin kununsu, da kyakkyawar niyya. Cikin shekarun 1950 sai aka riƙa kawo jarirai asibiti ba sa girma, suna amai, kalsiyam ya cika musu jini, har dole hukuma ta rage awon a 1957. A 2011 aka gano wasu mutane da gado ake haifarsu jikinsu ba ya iya rushe wanda ya yi saura, su ko madaidaicin awo yana iya cutar da su. A Denmak a 2016 aka janye wani ruwan bitamin D na jarirai daga kasuwa, bayan an gano abin da ke cikinsa ya ninka abin da aka rubuta sau 75. A Ostireliya kuma aka gwada mata 2,256 masu shekara 70 zuwa sama, rabinsu ana ba su 500,000 sau ɗaya a shekara domin a kare su daga karaya. Da aka buga sakamakon a 2010, waɗanda aka ba sun fi faɗuwa da 15 cikin 100, sun fi karaya da 26 cikin 100. A Amurka aka bi mutum 25,871 kimanin shekara biyar, rabinsu suna shan 2,000 kullum. Sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna bai rage kamuwa da ciwon daji ko ciwon zuciya ba. Watau ga mai lafiya wanda jininsa bai rasa ba, ƙari ba riba ba ne.

Duk da haka adalci ne a faɗi masu bukata na gaskiya, domin suna nan. Akwai jariri mai shan mama, gama ruwan nono ba shi da D da yawa, shi ya sa likitoci suke son a ba shi ɗigon 400 kullum har ya shekara. Akwai matan da ba sa fita, musamman a gidajen zamani da aka rufe tsakar gida da kwano. A gidan dā mace tana daka da shanya a fili, rana tana samunta ba tare da ta taka ƙofar zaure ba. Yanzu kuwa wata sai ta wuni a ɗaki, hasken da ya ratso gilashin taga kuma ba ya sa fata ta yi komai. Akwai tsofaffi da majinyata da suka daɗe a kwance, da masu ciwon hanta ko hanji, da masu shan wasu magungunan farfaɗiya. Akwai kuma 'yan ƙasar nan mazauna Turai, domin baƙar fata tana bukatar rana fiye da fara. Su can suna da gaskiya in sun sha. Kuskuren shi ne su auna wa iyayensu na gida da mudun can.

Akwai kuma waɗanda bai kamata su taɓa babban awo ba sai likita ya sani: mai ciwon ƙoda, da wanda ya taɓa yin tsakuwa, da mai tarin tibi, da mai shan maganin hawan jini irin mai sa fitsari, da mai shan maganin zuciya da ake kira digoksin, da mace mai ciki.

To, yaya ake aunawa? Gwajin yana duba irin bitamin D da hanta ta riga ta juya, sunansa a takardar asibiti 25-OH D. Shi ma ma'auninsa biyu ne, ng/mL da nmol/L, na farko in aka ninka shi sau biyu da rabi ya ba da na biyu. A ma'auni na farko, ƙasa da 12 rashi ne, 20 ya wadatar da galibin mutane, sama da 50 ba a neman a kai can, guba kuwa galibi tana bayyana sama da 150. Wanda ya ga 50 a takardarsa lalle ya duba da wane mudu aka auna, domin a ɗayan daidai ne, a ɗayan kuwa bakin iyaka ne. Tare da shi a auna kalsiyam na jini, wanda daidai ɗinsa kimanin 8.5 zuwa 10.5 ne a ma'aunin mg/dL, a kuma auna aikin ƙoda. Gwajin D yana da tsada, amma na kalsiyam da na ƙoda gwaje-gwaje ne na yau da kullum a manyan asibitoci, kuma su ne suka fi saurin tona guba. Bayan an gama babban awo da kamar wata guda a sake duba kalsiyam. Shi kansa D ba a sake auna shi sai bayan wata uku, gama kafin nan bai daidaita ba. Ba a ce kowa ya tafi gwaji ba. A 2024 ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka ta ce mai lafiya wanda ba shi da wata alama ba ya bukatar a riƙa auna shi. Gwaji wajibi ne a kan wanda zai ɗauki babban awo, ko wanda ya riga ya daɗe a kansa.

Mutanen Samaru da Sabon Gari ba su da uzurin nisa. Jami'ar Ahmadu Bello tana Samaru tun 1962, a cikinta ake koyar da masu harhaɗa magunguna, Asibitin Koyarwa nata kuwa yana nan Shika. Kuɗin kwalba uku da aka saya bisa jita-jita sun isa mutum ya ga likita ya san matsayinsa.

Saura nasiha ga kowane ɓangare. Mai kantin magani amana ce a hannunsa. Kada ya miƙa ƙwayar 50,000 ko allurar 600,000 ga wanda bai zo da takardar likita ba, in ya sayar kuma ya faɗa da baki ya rubuta a jiki cewa ta mako ce, ba ta kullum ba. Attajirin da ke sarin magani ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ya sani ribar da aka ci a kan ƙodar wani ba ta da albarka. Malamai kuma, su da jama'a ke kawo wa kukan ciwo kafin su je ko'ina, su riƙa duban ƙananan yara na gidajensu da na maƙwabta. Ɗan lanƙwasar ƙafa ga yaro ƙasa da shekara biyu sau da yawa takan miƙe da kanta. Amma in ta ƙaru, ko wuyan hannu ya kumbura, ko aka ji ƙulle-ƙulle a haƙarƙari kamar 'ya'yan carbi, ko yaro ya makara bai yi tafiya ba, to a ce da uban ya kai shi asibiti, a kuma tambaye shi yaushe rabon yaron da nono. Maigida ya bar wa iyalinsa wani gefe na tsakar gida a buɗe, mata da tsofaffi da yara su riƙa ɗan zama a hantsi. Wanda kuwa yake da kwalba a ɗakinsa yanzu, ya ɗauko ta ya karanta lambar, in ba ya karanta boko ya ba ɗansa. In ta wuce 4,000 a yini kuma ba likita ne ya sa shi ba, ya dakata ya tafi a duba jininsa. In ma ƙishirwa da yawan fitsari da amai sun riga sun fara, kada ya kwana bai je ba, ya tafi da kwalbar a hannunsa.

Masu magana sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah shi ba marasa lafiya sauƙi, shi kiyaye masu ita. Wassalam.